Sandar Awon Kogi Tana Iya Ruɗinku

'Yan'uwa manoma, sandar nan mai lambobi da ake kafawa a kogi, tsayin ruwa kaɗai take nunawa. Yawan abin da ke wucewa kuwa, sai ma'aikata sun auna faɗi da zurfi da saurin gudu sau da dama, sa'an nan su tsara lissafi: lamba kaza, ruwa kaza.

To, kogi ba ya zama yadda yake. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, ciyawar kachalla da rairayi suka yi ta toshe hanyoyin Kogin Hadeja. Ruwa ya hau sanda, alhali kwance yake. Tsohon lissafi ya ce akwai ruwa, mai lambu a gaba yana jira.

Kafin ƙungiyarku ta ci bashin injin ban-ruwa, ku tambayi ma'aikatan: yaushe kuka sake awo?