Zazzaɓin saniya na riga ido gani: me za mu yi da ma'aunin zafi?

A watan Afrilun 2024 zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali. An yi ta maganar mutanen da zafin ya galabaitar, amma ba a cika tuna shanun da ke kiwo a wannan rana ba. Mu kuwa a Ghana, da yawa daga cikin shanun da ake saukewa a kasuwar Turaku ta Ashaiman da mayankar Kumasi daga can Arewa suke fitowa, ta Burkina Faso da iyakar Paga. Dillalai da mahautan zangonninmu da su suke ci.

Lafiyayyar saniya zafin cikin jikinta na tsakanin digiri 38 da 39 ne da 'yan kai. In ya wuce 39.5, to akwai magana. Ciwon huhu da ciwon baki da kofato duk da zazzaɓi suke farawa, tun kafin a ga tari ko dalala. Wanda ya gane zazzaɓin da wuri ya ware dabba ɗaya, ya tsirar da garke.

Matsalar ita ce aunawa. Hanyar da aka saba ita ce a sa ma'aunin zafi a duburar dabba. To amma saniyar da ke daji sai an kora ta, an kama, an ɗaure, wannan gujeguje kuwa shi kansa yana ɗaga zafin jiki. Kyamarar da ke auna zafi daga nesa fata kawai take gani, rana da iska na ruɗa ta.

Shi ya sa a Turai da Ostireliya aka koma ga wata na'ura mai kamar ƙaton kafso. Ana ɗura wa saniya, ta zauna a tumbi, tana aika bayani zuwa waya dare da rana. Ita ma da nata: tumbi ya ɗan fi sauran jiki zafi saboda narkewar abinci, kuma da zarar dabba ta sha ruwa sai awon ya faɗi na ɗan lokaci. Sannan tana bukatar na'urar karɓar saƙo a kusa, da intanet, da kuɗi.

A ganina, kada mu ruɗu da abin da aka ƙera don gonar madara mai shinge. Makiyayin da ke bin ciyawa da Gudali da Bunaji ba nan ya kai ba tukuna. Abin da za mu iya yau shi ne ma'aunin hannu mai araha, da wurin tsayar da dabba a kowace kara da mashaya, da malamin dabbobi da zai auna da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na'urar tumbin kuwa a gwada ta a kan 'yan shanu kaɗan a manyan garkuna, su zama masu ba da gargaɗi.

Ba mu manta 2023 ba, lokacin da cutar antiraks ta sa aka hana zirga-zirga da yankan dabbobi a yankin Upper East, ana dab da Babbar Sallah. Sa ido kan lafiyar garke ya fi rufe kasuwa sauƙi. Sarakunan fawa da shugabannin dillalai, ku fa ya kamata ku fara kai wannan bukata gaban hukumar kula da lafiyar dabbobi.