Ƙarin Maɓalli A Wuƙar Maharbi

Magabata sun ce Dutsin-Ma ta samo sunanta ne daga wani maharbi, Ma, wanda ya zauna bisa dutsen da ke tsakiyar gari. Ashe zancen wuƙar farauta ba baƙo ba ne ga mutanen nan, balle na Kurfi da ke maƙwabtaka.

Wuƙa mai naɗewa aikin Turawa ce. Akwai Okapi, wadda aka soma ƙerawa a Jamus a 1902, da Buck 110 ta Amurka da ta fito a 1964. Irin wannan ta Amurka da hannu biyu ake buɗe ta, farce ya shiga ɗan gurbin da ke jikin ƙarfen ya ja. To, sai masu dabara suka ƙago wani ɗan maɓalli da ake ɗaurewa a gadon bayan ruwan wuƙa da ƙusa mai murɗi, domin babban yatsa kaɗai ya tura ta buɗe.

Gaskiya yana da amfani ɗaya. Wanda ya danne gada da hannun hagu ba shi da hannu na biyu. Amma aibinsa ya fi yawa. Yana cinye wani yanki na tsawon ruwan wuƙa, yana sarƙe fata wajen fiɗa, yana tokarar dutse wajen washi. Jini da kitse kan maƙale a ƙarƙashinsa, ga shi kuwa jinin yanka najasa ne, mai wuƙa kuma da ita a aljihu zai shiga sallah. Yakan kama bakin aljihu wuƙa ta buɗe da kanta, ƙusar kuma takan kwance ya faɗi a daji.

Mafi nauyi shi ne hukuncin yanka. A mazhabar Malik lalle ne a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu, Risala ta Ibn Abi Zaid kuwa ta nuna wanda ya ɗauke hannu kafin ya gama, sa'an nan ya koma, ba a cin abin da ya yanka. Ƙarfen da zai iya tsayar da wuƙa tsakiyar yanka yana iya mayar da wahalar yini guda mushe.

Saboda haka yanka da fiɗa sai wuƙa mai kube irin ta maƙeran gida. Mai naɗewa a bar ta ga yankan igiya da fiƙe alƙalami, mai saye kuma ya duba makullinta, don shi ke tsare yatsu. Ɗan kasuwar da wannan haja ta faɗo hannunsa ran Laraba a kasuwar Dutsin-Ma, ya faɗi amfaninta ya faɗi aibinta, gama ɓoye aibin kaya algus ne. Allah Ya sa a dace.