Ra'ayinmu: Haruffa masu kauri sun yi kyau, amma ina ƙugiyarmu?

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi allunan talla, ko ya duba tambarin manhajojin da ke wayarsa, zai ga haruffa sun koma kusan iri ɗaya: masu kauri, kewayayyu, babu tsini a ko'ina, "o" ɗinsu kamar da bakin kofi aka zana shi. Salon ya daɗe. Tun 1927 Paul Renner ya fito da Futura a Jamus, ya gina haruffansa a kan da'ira da miƙaƙƙen layi. A 1979 aka ƙera wa kamfanin Volkswagen salon VAG Rounded, wanda aka dakushe masa kowace kusurwa. Amma yayin ya kankama sosai ne bayan Google ya sauya tambarinsa a watan Satumbar 2015.

Masu son salon suna da hujja. Harafi mai kauri ba ya ɓacewa a ƙaramar fuskar waya, direban da ke gudu yana karanta shi daga nesa, haka ma dattijon da idonsa ya yi rauni. Kewayen kuma yana sanyaya rai, shi ya sa bankuna da masu abincin yara suke rububinsa.

Masu suka su ma ba su yi ƙarya ba. Amfanin tambari shi ne a gane ka cikin taro, to in kowa ya sa anko, wa za a gane? Kamfanin tufafi na Burberry a Ingila ya bi yayin a 2018, a 2023 kuma ya koma ga haruffa masu kama da nasa na da. Sannan a dogon rubutu salon yana gajiyar da ido, don "a" da "o" sukan so su zama abu guda.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya daban ne. Da yawa daga cikin waɗannan haruffa an zana su ne don harsunan Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar suke rubutawa. Sai kwamfuta ta aro siririyar ƙ daga wani salon ta cusa a tsakiyar ƙattin haruffa, ko ta bar ɗan akwati a gurbinta. Mai zane, da aiki ya sha masa kai, sai ya cire ƙugiyar gaba ɗaya. Ta haka ake rataya ƙyalle a ƙofar ɗakin taro da "Maraba da baki" a maimakon baƙi, an biya kuɗi, an buga, kowa ya wuce. Yaron da ke koyon karatu kuwa daga allon titi yake ɗaukar ƙa'ida kafin ya ɗauka daga littafi.

Matsayinmu shi ne a yi amfani da salon a kanun labarai, tambari da alluna, a nan ya fi ƙarfi, a bar cikin labari ga haruffan da aka yi don dogon karatu. Amma da sharaɗi: kafin a zaɓi kowane salo, a buga ɓ, ɗ, ƙ, manya da ƙanana, a gani da ido. In babu su, a ajiye shi komai kyansa. Akwai na kyauta da suke da su, irin su Noto Sans na Google da Andika. Mai ba da aiki kuma ya ƙi karɓar allon da aka yanke wa ƙugiya, ya sa maɗaba'a ta sake bugawa.