Jarumi da takobin kwali: Me ke kayar da finafinan yaƙi na Hausa?

Duk mai leƙa shagunan tura finafinai a waya a Kawo, Unguwar Shanu ko Badarawa ya san irin fim ɗin. A tallarsa za ka ga ƙato da sulke, takobi na tartsatsin wuta, murya na cewa ba a taɓa yin irinsa ba. Labarin kuma kusan ɗaya ne: wani barde na zamanin da, boka ko aljani ya cilla shi zamaninmu, ko kuma saurayin yau ya farka a tsakiyar fagen fama.

Minti goma da farawa sai asiri ya tonu. Rundunar sarki mutum goma sha biyu ce, takubban na lanƙwashewa tun kafin su taɓa jiki, ga turken wutar lantarki a bayan fadar da aka ce ta shekara ɗari biyar. Mai kallo ya biya kuɗin turi ko ya ƙona data, abin da ya samu kawai shi ne guntun bidiyon da zai tura wa abokai a yi dariya.

Amsar da masu shiryawa kan bayar ita ce babu kuɗi. Akwai gaskiya a ciki. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, yawancin 'yan Kannywood sun koma YouTube da finafinai masu dogon zango, inda ake son sabon kashi duk mako. Fim ɗin falo da tsakar gida ya dace da wannan tsari. Fim ɗin yaƙi kuwa yana son dawakai, tufafi, ɗaruruwan mutane da abincinsu, da watannin tacewa.

Sannan idon mai kallo ya riga ya buɗe. A wayar da zai kalli fim ɗin namu, akwai fassarar Hausa ta Baahubali, wanda aka ruwaito kashinsa biyu sun ci sama da rupi biliyan huɗu. Daraktansa, S. S. Rajamouli, shi ne ya yi Magadheera a 2009, labarin barden da ya dawo duniya bayan shekara 400. Mai ƙaramin jari da ya ce zai kara da waɗannan a fagen siddabarun kwamfuta ya san inda zai kwana.

Amina ta samu kuɗi, amma...

Sai dai rashin kuɗi bai bayyana komai ba, kuma fim ɗin Amina shaida ne. Izu Ojukwu ya ba da umarni, Okechukwu Ogunjiofor ya shirya, Lucy Ameh ta fito a matsayin sarauniyar, ga Ali Nuhu a ciki. Ya hau Netflix a Nuwamban 2021, kuma a 2022 ya lashe kambin fim mafi kyau a gasar AMVCA. A ma'aunin Najeriya ba fim ne na ƙaramin jari ba: akwai dawakai, akwai jama'a, hoto ya fita tas.

Duk da haka, a Arewa an fi jin ƙorafi fiye da yabo. Sarauniyar Zazzau da fadawanta suna magana da Turanci. An saƙa mata labarin soyayya, an kawo fagen faɗa mai kama da na finafinan Rumawa. Bazazzagi na kallo yana jin kamar labarin wasu ake ba shi da sunan kakarsa.

Abin takaicin shi ne abin da aka rubuta game da Amina, duk da ƙarancinsa, ya fi abin da aka ƙirƙira daɗin ji. Kundin Tarihin Kano ya ajiye ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Ya ce ta yi shekara 34 tana cin garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infakul Maisuri, ya ce a Atagara ta rasu. Wasu masana kuma ƙarni na 16 suke kai ta, a matsayin 'yar Bakwa Turunku. Wato ko ƙarnin da ta rayu ma ana jayayya a kai.

A lura da goron nan. Yana nuna yaƙin Amina na da alaƙa da hanyoyin fatauci, da wanda zai riƙe su. Marubucin da ya tsaya kan wannan zai samu fatake, dillalai, 'yan leƙen asiri da sarakunan da ke auna riba da asarar mubaya'a. Duk waɗannan a zaure da kasuwa za a ɗauke su, ba sa bukatar runduna.

Kayan aikin na bakin ƙofa

A nan ne lamarin Kaduna ke da ban mamaki. Gidan Arewa da ke Titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, cibiyar binciken tarihi ce tun 1970, cike da littattafai da rubuce-rubucen hannu. Ma'adanar takardu ta ƙasa na Titin Yakubu Gowon. Gidan tarihi na Titin Ali Akilu, a Unguwar Sarki. Turunku kanta, inda ake danganta mahaifar Amina, tana Ƙaramar Hukumar Igabi, tafiyar da ba ta kai ta wuni ba. Shiga waɗannan wurare bai kai kuɗin hayar kyamara na rana guda ba.

Dawakai da lifidi ma ba baƙi ba ne. A Kaduna aka yi babban hawan daba na bikin FESTAC a 1977, kuma duk Sallah Zariya na fitar da barade da kayan da wani mai ɗinkin fim ba zai iya kwaikwayonsu ba.

Garin kuma ya taɓa nuna yadda ake yi. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, da 'yan wasa irin su marigayi Ƙasimu Yero. Kayan aikinsu bai kai ƙarfin wayar da ke hannunka ba, amma sun jingina da rubutun Abubakar Imam, shi ya sa har yau ake tuna su. Kafin nan Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan ya yi fim kan Kanta na Kabi.

Ko shi barden da ya tsallake zamaninsa, wanda ake ta aro daga Indiya, muna da namu tun 1934. A littafin Ganɗoki na Bello Kagara, jarumin ya yaƙi Turawa, ya yi gabas, ya faɗa duniyar aljanu, ya dawo gida ya tarar ƙasa ta sauya hannu. Armashin labarin na bakin Ganɗoki ne, da cika-bakinsa da kirarinsa, da yadda mutumin takobi zai zauna a zamanin da ba a bukatar takobinsa. Ɗan wasa ɗaya mai iya magana zai ɗauki rabin nauyin wannan.

Alamar da Mai Martaba ya nuna

A 2024 Najeriya ta tura Mai Martaba gasar Oscar. Prince Daniel, wanda aka fi sani da Aboki, shi ya ba da umarni, an ɗauka a Daura, da Hausa, Adam A. Zango na cikin 'yan wasan. Bai shiga jerin finafinai 15 da aka tace ba, kuma masu sharhi sun samu abin cewa a kansa. Amma ya samu damar shiga layin, abin da Lionheart ya rasa a 2019 da aka cire shi saboda Turanci ya yi yawa a ciki. Harshen da wasu ke gudu don neman kasuwar duniya, shi ne sharaɗin shiga wannan rukunin.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya, kuma Kaduna na da bikin baje kolin finafinai na ƙasa da ƙasa tun 2018. Idan za a nemi tallafi daga irin waɗannan wurare, a ganina matakin rubutu ya fi cancanta: a biya marubuci ya yi wata uku tsakanin Titin Rabah da Turunku, a haɗa shi da masanin tarihi da mai kirarin fada, kafin a ɗauko kyamara. A kasafin yawancin finafinanmu, wannan ne layin da ake fara tsallakewa, har wani lokaci ana wurin ɗauka ake ƙarasa rubuta fitowar gobe.