Ku daina sayen gita da ido kuna ɗora wa yaro laifi

Akwai wani zalunci da muke yi wa ƴaƴanmu ba mu ma san muna yi ba. Yaro ya ga Bombino na Agadas ko Mdou Moctar a waya, ya dame mu sai an saya masa gita mai lantarki. Uba ko diraktan lakwal ya shiga kasuwa, ya zaɓi wadda fentinta ya fi walƙiya, ya ƙirga jikkuna ya biya. Bayan wata biyu gita na jingine a ƙuryar ɗaki tana shan ƙura, sai a yanke hukunci: yaron nan ba shi da naci. Ƙarya ne. Sau da yawa kayan da aka ba shi ne ba su kaɗuwa.

Mai sayen rago yana duba haƙori, yana taɓa ƙugu. Me ya sa in an zo kan gita muke sayen kifi a ruwa? Dubawar ba ta fi minti goma ba.

A fara da wuya. A ɗaga gitar a saita ido tun daga kai har gindi, kamar kafinta mai duba katako. Ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa ko a sassauta. In wuyan ya murɗe gefe kuwa, a ajiye ta ko kyauta ce. Sai a duba tazarar tsirkiya da layin ƙarfe na 12: kusan milimita 2 ya kamata ta zama. In ta kai 4 ko 5, yatsun yaro ɗan shekara 12 za su yi ciwo kafin ya fitar da sauti ɗaya mai daɗi. A danna kowace tsirkiya a layin nan na 12, a kwatanta da sautinta a sake. Sauti ɗaya ne ya kamata a ji, na biyun ya fi siriri kawai. In ya kauce sosai, yaro zai yi ta kaɗa daidai kunnensa na jin kuskure.

A shafa yatsa a gefen wuya. Iskar hunturu tana busar da katako ya tsuke, bakin ƙarafunan su fito suna yanka hannu, kuma katakon da bai bushe da kyau ba tun a masana'anta shi ya fi yin haka a Tawa da Damagaram. A murɗa kunnuwan ɗaure tsirkiya a ga ko suna zamewa. A girgiza wuyan a ga ko yana motsi a inda aka ɗaure shi da jiki.

Sa'an nan a jona ta da ampili. Mai kantin da ya ce ba ya buɗe kwali sai an biya, a bar masa kayansa. A juya maɓallan ƙara a saurari ƙaraf-ƙaraf, a motsa wayar a raminta a ga ko sauti na yankewa. Iyaye, wannan ya shafi rai: tsirkiyoyin suna haɗe da ampili ta wayar, don haka ampili mai lalatacciyar wuta tana iya jan yaro. Duk wanda ya ji tsirkiya na tsikarinsa, ya zare filogi nan take.

Za a ce mini araha ce ta ja mu, talaka ba ya iya sayen Fender. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a saya. Sunan Fender da aka manna a kan gita ta jika talatin jabu ne. Tsohuwar Yamaha ko Squier ta hannu mai miƙaƙƙen wuya ta fi sabuwa mai ƙyalli da ba ta riƙe sauti. Wasu kuma za su ce ai Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. Haka ne, amma shi rashi ne ya sa shi, ba kuɗi ya biya aka cuce shi ba.

Malaman da ke riƙe da kuɗin ƙungiyar iyaye, amana ce a hannunku. Kowane gari yana da makaɗin biki da ya san gita. Ku tafi da shi kasuwa, ku ba shi na goro, ya kaɗa kafin ku biya.