Hadarin gabas da saƙon gargaɗi: daga Gazawa zuwa Gidan Runji

Hadarin damina a jihar Maraɗi daga gabas yake tasowa. Tsakanin watan Yuni da Satumba, manomin Agiye da ya ɗaga kai da la'asar ya ga gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin ya san abin da ke tafe. Iska za ta ɗauke ɗif, zafi ya danne gari, sai jar ƙura ta taso kamar katanga har a kasa ganin iccen da ke ƙofar gida. A bayanta iska mai sanyi da ƙarfi za ta bugo, sannan ruwa ya kece. A ɗan tsakanin nan na ƙura da ruwa ne kwano ke yayewa daga ɗaki, jinkar rumbu ta tashi sama, rumfunan kasuwa su kwanta, reshen bedi ya faɗo kan dabbar da aka ɗaure a gindinsa.

Faransawan zamanin mulkin mallaka sun laƙaba wa wannan hadari suna “tornad”, amma ba shi ne guguwar nan mai murɗawa da ke share garuruwa a Amurka ba. A can ana samun irinta sama da 1,000 a shekara, gargaɗinta kuma bai cika wuce 'yan mintuna kafin ta sauka ba, shi ya sa suka dogara da jiniya da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Hadarin Sahel jerin gizagizai ne da kan kai ɗaruruwan kilomita a tsawo, yana tafiya yamma da gudun da ya kai kamar kilomita 50 a awa. Mafi yawan ruwan da gero da wake da gyaɗa ke sha a wannan yanki daga irinsa yake zuba, don haka ba wanda ke roƙon kada ya zo. Sai dai ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Binciken da aka wallafa a mujallar Nature a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan adam tun daga 1982, ya nuna cewa yawan hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku.

Daminar 2024 ta nuna abin a fili. Sama da mutum 300 suka rasu a Nijar, waɗanda abin ya shafa sun haura miliyan 1, jihar Maraɗi kuma tana kan gaba a yawan mamata. A ƙarshen watan Agusta, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi. Komawa makaranta ma sai da aka ɗage ta zuwa ƙarshen Oktoba, saboda iyalai na kwana a azuzuwa. Abu biyu ne suka fi ɗaukar rai: ɗakin ƙasa da ya sha ruwa ya rufta kan masu barci, da kwarin da ya ciko ya tafi da mai neman tsallakewa.

Da yawa daga cikin irin waɗannan rayuka za su tsira in saƙo ya riga hadari isa. Lokacin kuwa akwai shi. Gazawa da Agiye da Cadawa da Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji duk a jere suke kan babban titin ƙasa mai lamba 1, daga gabas zuwa yamma, wato hanyar da hadarin kansa yake bi. Hadarin da ya bar Damagaram yana buƙatar sama da awa biyu kafin ya kai Gazawa, wanda ya buga Gazawa kuma sai ya yi awa biyu zuwa uku kafin ya isa Gidan Runji. Wannan tazara ta isa a dawo da yara daga gona, a kora awaki gida, a fitar da tsohuwa daga ɗakin da bangonsa ya tsage.

Masu ilimin ma ba nesa suke ba. Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa tana Yamai, haka cibiyar AGRHYMET da aka kafa a 1974, haka cibiyar ACMAD mai kula da Afirka baki ɗaya. Tauraron Meteosat yana aiko da sabon hoton gizagizai duk bayan 'yan mintuna. Kowace shekara, kafin shuka, masana na yankin suna haɗuwa su fitar da hasashen damina: ko za ta faɗi da wuri, ko ruwa zai wuce na kullum. Wannan yana da amfani wajen zaɓen iri da lokacin shuka, amma ba ya gaya wa mutumin ƙauye cewa hadarin daren yau na ɓarna ne. Hasashen kullum kuwa galibi da Faransanci ake rubuta shi, yana magana kan jiha sukutum, yana yawo a Facebook da WhatsApp na ma'aikata. Matar da ke daka a ƙauyen da babu lantarki, wadda salular gidan tana aljihun maigida a kasuwa, ba ta cikin wannan zance.

Gyaran ba ya buƙatar sabon ofishi. Nijar ta daɗe da tsarin gargaɗin gaggawa, kuma akwai kwamitocin sa ido na ƙauyuka da aka kafa tun asali don kai rahoton fara da yunwa da tsadar hatsi. Su saƙonsu daga ƙauye yake hawa zuwa birni, ana bin mako ko wata. Abin da ake buƙata yanzu shi ne saƙon da zai sauko daga birni zuwa ƙauye cikin awa ɗaya. Jami'in hasashe ya buga wa gidajen rediyon al'umma da shugabannin gundumomi, su kuma su sanar da masu gari, mai gari ya ta da mai shela, ladan ya faɗa a lasifikar masallaci. Lasifikar nan ita ce jiniyar da kowane ƙauye ya riga ya mallaka, kuma ana jin ta da tsakar dare, lokacin da rediyo ke kashe, lokacin da hadari ke yawan riskar mutane a kwance. Kamfanonin salula su ma su riƙa tura saƙon murya kyauta, da Hausa da Fulatanci, domin rubutaccen saƙo bai amfanar wanda bai yi karatun boko ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alkawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 gargaɗi zai riƙa isa ga kowane mutum a duniya, kuma a irin waɗannan ƙauyuka ne za a gane ko an cika shi.

Dole saƙon ya zama hawa biyu, kowa ya san bambancinsu tun kafin damina. Na fari shi ne “a yi shiri, ana sa ran hadari mai ƙarfi yau”. Na biyu shi ne “ga shi nan ya taso, a shiga mafaka”. In aka riƙa kururuwa kan kowane yayyafi, mutane za su daina ji, ranar da ta zama gaskiya kuma ba mai motsawa.

Sauran aikin na gida ne, kuma da rani ake yin sa. A sake yaɓen bango, a gyara indararo, a ɗaure azara da waya a jikin gini maimakon a dogara da duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake ɗorawa kan kwano, domin in iska ta yi ƙarfi su ma makami ne. Kowace unguwa ta san ginin siminti, masallaci ne ko aji, da za a kai yara da tsofaffi in an kwana biyu ana ruwa. Wanda hadari ya tarar a gona kada ya fake a gindin gawo guda ɗaya tilo a fili. In tsakanin walƙiya da tsawa bai wuce daƙiƙa 3 ba, aradun tana cikin kilomita 1 da shi. Mazauna bakin Gulbin Maraɗi a Tibiri da Gidan Runji suna da ƙarin haɗari, don gulbin daga ƙasar Katsina yake gangarowa, yana iya cika ko ɗigo bai sauka a kansu ba. Gargaɗinsu sai an haɗa da hukumomin Najeriya masu kula da madatsar Jibiya.

Akwai kariyar da mutanen Agiye suka riga suka gina da hannunsu. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani, suna barin tohon kalgo da sabara da gawo su girma a cikin gona, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna a kai har da kwamitin tsaron itace. Itatuwan nan suna karya ƙarfin iska, suna hana rairayi binne shukar fari, wadda a da manomi kan maimaita sau biyu ko uku a damina ɗaya. Ya kamata ƙananan hukumomin gundumomin yankin su ware wa irin wannan shinge fili a gefen gabas na kowane gari da makaranta da kasuwa, su sa shi cikin kasafin kuɗinsu tare da kuɗin kati da cajin salular mai shela.