Kashi 75 cikin ɗari bai san hanyar Doguwa ba

Duk damina ma'aikata kan bi gida-gida a Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Idan aka tambayi 'yan boko ko shirin yana aiki, amsar a bakinsu take: bincike ya tabbatar yana rage zazzaɓi da kashi 75 cikin ɗari. Adadin ba ƙarya ba ne. Abin ƙi shi ne yadda ake rataya shi a wuya kamar laya, ana shiga da shi taro ana fita, ba mai tambayar abin da ya auna.

Tushensa bita ce da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2012, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Martin Meremikwu na Jami'ar Kalaba. Ta tattara gwaje-gwaje bakwai da aka yi a Afirka ta Yamma kan yara fiye da 12,000, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shirin. Aiki ne mai nagarta, har ma masu shi suka faɗi iyakarsa da kansu: a kan raguwar kamuwa da zazzaɓi hujjarsu ta yi ƙarfi, amma gwaje-gwajen ba su kai girman da za su yanke hukunci kan raguwar mace-mace ba.

Masu irin wannan bita suna da wata dabara da ya kamata ta zama farilla a nan, wato zana taswirar hujja kafin a buɗe rahoto ko ɗaya. Kwamitin rigakafin cututtuka na Amurka, USPSTF, ya daɗe yana aiki da ita. A gefe guda a rubuta mutanen da ake nufi, a ɗaya gefen a rubuta sakamakon da ake fata, a tsakani a ja kibiya ga kowane mataki. Kowace kibiya tambaya ce mai neman hujjarta, kuma illar magani ma tana da tata.

A zana wa Doguwa wannan taswira a ga inda take ɓulewa. A ranar farko ma'aikaci ne ke ba yaro sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine a gabansa. Ragowar amodiaquine na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barinsa, tsakiyar damina, aikin gida da na gona sun yi mata yawa, ga magani mai ɗaci, yaro kuma yana iya amayar da shi. Rahoton da ya ce an kai ga yara dubu kaza kibiya ta farko kawai ya ƙirga, ya yi shiru kan sauran.

Sai kuma tsawon damina. An tsara shirin ne domin wuraren da akasarin zazzaɓi ke aukuwa cikin wata huɗu, kariyar kowane zagaye kuma ba ta wuce kimanin kwana 28 ba. Amma kudancin Kano, wajen dajin Falgore da duwatsun Riruwai, ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, a Bebeji kuwa madatsar Tiga tana riƙe da ruwa rani da damina. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idarta, ta bar wa ƙasashe su daidaita yawan zagaye da shekarun yara gwargwadon yanayin kowane yanki. Ƙofa ce aka buɗe, sai dai ba a shiga ta da adadin 2012. Da alƙaluman asibitocin yankin ake shiga, wata bayan wata.

Saboda haka duk wanda ya sake ambaton kashi 75 a gaban majalisa ko 'yan jarida, a ce ya kawo lissafin yaran da aka kwantar saboda zazzaɓi a Doguwa da Tudun Wada cikin watan Nuwamba, bayan masu rabon magani sun tattara jakunkunansu.